Tsinken Yayata

Yayata Sun-rye ta bar mini gida a Jeongseon:
ɗaki biyu, shuɗin rufi,
randunan daddawar wake bakwai a bayan madafa,
da wata shuka a gindin kanya
wadda ba ta bar wasiyya a kanta ba.

Ni direban bas ne, shekara talatin da ɗaya.
Na san kukan birki idan ya gaji.
Yaren ganye kam, ban iya ba.

A Mayu na iske ta cikin fure.
Reshe ya ranƙwafa kamar sandar kamun kifi,
zukata jaja-jaja sun rataya a jere,
kowace da farin ɗigo a ƙasanta
wanda ya ƙi faɗuwa.
Na ƙirga sha ɗaya a reshe guda,
manya a gaba, ƙanana can baya,
kamar 'yan makaranta a layin shiga mota.

Mutanen ƙauyen nan furen 'yar jaka suke ce mata,
irin jakar da mata ke ɗaurawa a ƙugu a da.
Wani baƙo mai hawan dutse ya leƙo ta katanga,
ya ce a ƙasarsu zuciya ce mai zubar jini.
Ban shiga gardamar ba.
Kusa da gindinta na ga tsinken ƙarfe na cin abinci
a kafe cikin ƙasa.
Na ce, kai, Sun-rye da mantuwa!
Na zare, na wanke, na mayar cikin cokula.

Yuli ya shigo da zafinsa.
Ganye ya yi ɗorawa. Na ƙara ruwa.
Ya ƙara ɗorawa. Na ƙara ruwa.
Kafin Agusta ya raba, ba reshe, ba kara,
sai ƙasa fayau kamar ba a taɓa shuka komai ba.
Kwana uku ina kewaya kanyar nan.
Abu ɗaya mai rai da aka bar mini,
na kashe shi da hannuna.

Rana ta huɗu na ɗauko fartanya,
na ce gara in sa albasa a wurin.

"Ajiye, Deok-man."
Tsohuwa Bang Ok-bun ce, haɓarta bisa katanga,
ba ta ko gaishe ni ba.
"Barci take. Haka take yi kowace shekara.
Saiwarta kamar busasshiyar taliya,
ka taɓa, ta karye.
Ka rage ruwan nan kafin ta ruɓe,
ka rufe ta da ganyen kanya idan ya zuba.
Ina tsinken da yayarka ke kafawa?"

Na yi shiru.
Na shiga madafa, na daɗe ban fito ba.

Ban tuna ainihin wurin ba.
Na auna da ido daga gindin kanya,
taku biyu, ko biyu da rabi,
na soka shi a hankali, ina sauraro
kamar mai tuƙi cikin hazo.

Dusar ƙanƙara ta zo ta binne shi har wuya.
Duk safiya kansa kawai nake gani ta taga,
ni kuma ina cin shinkafa da tsinke biyu
da ba su dace da juna ba.

Tara ga Afrilu, na fita zubar da ruwan wanke-wanke.
Ga su nan:
jajayen tsiro biyar, a dunƙule kamar hannun jariri,
taƙi guda daga inda na kafa tsinken.
Kuskure na yi,
kuskuren da ya sa ban huda ta ba.

Na durƙusa har gwiwata ta jiƙe.
Ok-bun ta ce daga bayan katanga,
"In kaka ta yi za mu raba saiwar,
ka sa safar hannu, ruwanta na sa ƙaiƙayi.
Rabi nawa ne. Yayarka ta yi mini alkawari."

Na ce to.
Na zare tsinken, na matsar da shi taƙi guda.